Kyanwar da Na Sa a Buhu

Ni mace ce mai son barci, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. In na yi sallar isha na kai haƙarƙarina ƙasa, ko ganga ake kaɗawa a ƙofar gida sai dai a ba ni labari da safe. Maigidana yakan ce minsharina na Babanmu ne sak, gado na yi. Ni kuma in ce sharri yake mini, tunda ban taɓa jin kaina ina yi ba. Sana'ata ɗinki, a gida nake yi a Birnin Kudu. Duk barcin nan da nake sha da dare, sau da yawa da rana sai in farka in ga goshina a kan keke, atamfar mutane a hannuna. Ban taɓa kawo komai a raina ba, na ɗauka gajiya ce.

Shekarar da Baba ya rasu na koyi kwana ido biyu.

Baba manomi ne a Gwaram, bayan magariba kuma yana biya wa magidanta karatu a zaure. A turakarsa yake kwana shi kaɗai, in ban da wata kyanwa mai launin toka, kunnenta ɗaya a yage, wadda ya tsinto a gona tun tana ƙarama. 'Yar tsohuwa yake ce mata. Tana da 'ya'ya biyu da suka girma a gidan, muzurai, ɓarayin kifi na gaske, amma su ba su da izinin shiga turaka. Da wuri Baba yake kwanciya, saboda haka in na je ganin gida muna hira da Inna a tsakar gida, mukan ji minsharinsa yana tashi kamar injin niƙa. Can sai a ji shiru. Sai tari, sai muryarsa a shaƙe yana cewa, "To, na ji, na ji, 'yar tsohuwa." Mu yi ta dariya, muna cewa kyanwa ta hana dattijo sakat. Na sha ce masa ya kore ta ya huta. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ki bar ta, ta san abin da take yi."

Lokacin kaka Baba ya rasu, ana tsakiyar shigo da gyaɗa. Lafiya lau ya kwanta. Da asuba Inna ba ta ji motsin butarsa ba, ta leƙa, ta same shi a rigingine, jiki har ya yi sanyi.

Bayan sadakar bakwai jama'a suka watse, aka bar Inna da takaba, wata huɗu da kwana goma. Goggo, yayar Baba da ke aure a Fagam, ta ce mai takaba ba ta kwana ita kaɗai. Ni ce babba, 'ya'yana sun tasa, maigida kuma ya yarda, sai na ɗoro kekena a mota na tare a ɗakin Inna. Goggo ta zauna a ɗakin kusa da mu, da dokokinta. Ta kawo wata 'yar wuƙa ta cusa a ƙarƙashin matashin Inna. Limamin unguwa ya aiko cewa wannan ba shi da asali a addini. Goggo ta ce ta ji, ta gode, wuƙa kuma ta ci gaba da kwana inda take.

Abin da ya fi damuna ba wuƙa ba ce, Inna ce. Da ma tana da hawan jini, ga jiki, yanzu kuma idanunta sun faɗa, ƙafafu sun kumbura. Ma'aikacin asibitin da ya zo ya auna ta ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, magani kaɗai ba zai yi ba. In ba ta samu barci ba, ina jin tsoron ta yanke jiki ta faɗi." Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Na rasa uba, ba zan zuba ido in rasa uwa a shekara ɗaya ba.

To amma barci a gidan nan, ina! Muzuran nan biyu da dare ya yi sai su hau kwano su yi ta tsere, su yi faɗa, su sauko su ture murfin tukunya. Wannan duk mai sauƙi ne, in ka saba sai ya zama kamar ruwan sama. Uwarsu ce matsalar. Da aka kulle turakar Baba ta yi kwana uku a bakin ƙofar ba ci ba sha. A na huɗu ta tashi ta shigo ɗakin Inna kamar an kira ta. In na rufe ƙofa ta biyo ta taga. Ba ta naɗewa ta yi barci irin na kowace kyanwa. Kan akwatin ƙarfen Inna take hawa ta zauna a miƙe, ta tattara ƙafafu, ta zuba mana ido.

Ni ma ba ta ƙyale ni ba. Ni da ba a tashina sai da jijjiga, sau biyu ina farkawa a firgice in gan ta a kan katifata, fuskarta dab da tawa. Na yi wurgi da ita har ta bugi bango. Da safe na ga ɗan yaƙushi a kumatuna, na ce lallai yau ni da kyanwar nan sai an raba mu. Ban da wannan kuma ina jin Inna cikin dare tana zabura, tana tari, tana salati. In na tambaye ta da safe sai ta ce ba komai.

Ranar nan na ce yau sai na ga abin da ke faruwa. Na sha shayi mai kauri, na ci goro, ni da ba na ci, na kwanta na rufe ido rabi. Babu wuta, amma akwai farin wata yana shigowa ta taga. Inna ta daɗe tana juyi kafin barci ya sace ta a rigingine, ta fara ɗan minshari. Kyanwa tana kan akwati, ba ta ko motsa jela.

Can ɗakin ya yi tsit. Irin shirun da har kana jin bugun zuciyarka a kunne. Sai na ga ta sauko, ba sauri ba gaggawa, ta taka tabarma ba sauti, ta haye gadon, ta hau ƙirjin Inna. Ta kai hancinta bakin Inna kamar mai shinshinar nono a ƙwarya. Ta ɗaga hannu ta taɓa kumatunta. Ta sake. A na uku na ga ta fito da farce. Inna ta zabura ta ja wani irin numfashi, kamar wadda aka tsamo daga rijiya, ta yi ta tari. Kyanwa kuwa ta sauka abinta, ta koma kan akwati ta zauna yadda take, ta juyo ta dube ni.

Na karanta duk abin da ya zo bakina. Sau uku ta yi haka kafin asuba, a na ukun ban san lokacin da hannuna ya kai ƙarƙashin matashin Inna ya taɓa wuƙar Goggo ba, wuƙar da nake yi wa dariya da rana.

Gari na wayewa na kai wa Goggo labari a madafa. Ko mamaki ba ta yi ba.

"Ai na daɗe da sani," ta ce, tana iza wuta. "Kyanwar nan ba ita kaɗai ba ce. Numfashi take sha. Ta gama da ɗan'uwana, yanzu ta koma kan uwarki."

"To in sa a kashe ta?"

"Kul! Ki rufa mana asiri. Ba a kashe kyanwa. A buhu za ki sa ta, ki ɗaure baki kada ta ga hanya, a haye ruwa da ita. In ta haye ruwa ba ta dawowa."

Ban gaskata zancen shan numfashi ba, ko kuma in ce da rana ban gaskata ba. Amma abin da na gani da idona ya ishe ni: kyanwa tana tashin mara lafiya sau uku a dare. Na je na sami Inna na ce zan raba kyanwar da gidan. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi, can ta ce, "Ku bar ta." Na ce saboda me? Ta ci gaba da jan carbinta. Raina ya ɓaci, don ni zuciyata a kusa take. Na ce, "Baba ya ce a bar ta, ke ma kin ce a bar ta, to ita wa ta bari?"

Na jira ta shiga wanka. Na sa kan kifi a cikin buhun taki, na buɗe bakinsa. Kyanwar ta dubi kifin, ta dube ni, ta shiga da ƙafarta. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, don na shirya za a yi kokawa.

A mota zuwa Birnin Kudu buhun yana kan ƙafafuna, ina jin ɗuminta. Ko kuka ɗaya ba ta yi ba. Direba ya ce, "Hajiya, kaza ce?" Na ce kyanwa ce. Wani dattijo da ke gaba ya waiwayo ya ce, "Kin dai gaya mata laifinta?" Na yi kamar ban ji ba. Da muka hau gada na leƙa na ga ruwa a ƙasa, na ce a raina shi ke nan, an gama. A tsakar gidana na kwance buhun, da niyyar ta zauna ta kama mana ɓeraye. Ta fito ta miƙe, ta kalle ni sau ɗaya, ta haye katanga ta nufi duwatsun da ke bayan unguwarmu. Kafin magariba na koma Gwaram.

Na tarar da Inna tana zagaya gida da ɗan kwano a hannu tana cewa, "Mus, mus." Na gaya mata abin da na yi. Na zaci za ta yi faɗa, har na tanadi amsa. Sai kawai ta zauna a kan turmi ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ce, "Allah ya kyauta."

Daren nan na kwanta ina jin na yi abin kirki. Muzuran ma, kamar sun sani, ba su hau kwano ba. Amma barci ya ƙi zuwa. Idona sai komawa yake kan akwatin nan da babu kowa a kai. Inna ta daɗe zaune, daga baya gajiya ta kayar da ita, ta fara minshari. Na ce alhamdulillahi, yau za ta huta.

Sai ɗakin ya yi tsit.

Shirun nan ne dai, na jiya. Na gane shi nan take, har na dubi akwati ina jiran in ga ta sauko. Babu kyanwa, amma ga shirun. A nan na fahimci ashe ba hawanta ne ke kawo shirun ba, shirun ne ke sauko da ita. Na fara ƙirge a zuci ban san dalili ba. Goma. Sha biyar. A hasken wata ina ganin ƙirjin Inna yana ƙoƙarin ɗagawa, yana ja, amma babu iskar da ke shiga. Ashirin. Na diro daga katifa na faɗa kanta, na kira ta, ba ta motsa ba. Na ɗaga hannu na mari uwata a kumatu.

Ta zabura ta ja numfashin nan na wadda aka tsamo. Idonta a rufe ta kai hannu ƙirjinta tana lalube, tana cewa, "Na ji, na ji." Abin da take nema ta shafa ba ya nan, sai hannuna ta kama.

Mun daɗe a haka cikin duhu. Ita ta fara magana, murya ƙasa-ƙasa don kada Goggo ta ji.

Ta ce daren da Baba zai rasu ɓeraye sun addabi gyaɗar da aka zuba a sito, muzuran kuma sun tafi yawonsu. Sai ta ɗauki 'yar tsohuwa ta jefa a siton ta ja ƙofa ta sa sakata. Bayan isha Baba ya fito yana nemanta. Ta ce masa, "Malam, ka bar ta dare ɗaya ta yi mana aiki, kai ma ka samu ka yi barci mai daɗi." Ya ɗan tsaya, ya ce to, ya shige. Ta ce shekarun baya ya taɓa gaya mata cewa barci yakan nutsar da shi, kyanwar nan ce ke jawo shi, ita kuma ta yi masa dariya. Daren nan kyanwa ta kwana kuka tana yaƙushin ƙofa. Inna ta ji. Ta ja mayafi ta rufe kunne.

"Ni na sa sakatar," ta ce. "Da hannun nan."

Na ce, "Inna, ajali ne. Ko kyanwa ɗari ke ɗakin, in lokaci ya yi ya yi."

"Na sani," ta ce. "Na sani sarai."

Ni ma na sani, har yau kuma a kan haka nake. Amma da gari ya waye na je na durƙusa a bakin siton na duba. Ƙasan ƙofar duk ya kankare, katakon ya yi fari, har da ɗan busasshen jini a jiki. Na tambayi Inna me ya hana ta gaya mini tun kafin in ɗauko buhu. Ta ce, "Da wane bakin?"

A ranar na koma Birnin Kudu. Na hau duwatsun nan da kifi a leda, mace mai 'ya'ya manya, ina leƙa kogo-kogo ina "mus, mus" kamar wadda ta zautu. Na yi kwana biyu ina nema, kullum kafin magariba in koma wajen Inna. Ban ga ko sawunta ba. Na yi kuka a kan dutse, kukan haushin kaina, don babu wanda zan ɗora wa laifi. Goggo shawara ta bayar, ni na ɗaure buhu.

Tunda na kori mai aikin, sai aikin ya dawo kaina. Na koma Gwaram na riƙa kwana zaune a kan akwatin nan, bayana a jingine da bango, ina sauraren numfashin Inna. In ya tsaya in ƙirga zuwa goma, in bai dawo ba in taɓa ta. Da rana in rama abin da ya samu. Na kai ta babban asibiti, likita ya ce ciwo ne sananne, maƙogwaro ne ke rufewa in mutum ya kwanta a rigingine, ya ce ta riƙa kwanciya a gefe. To yaya za ka hana mai barci juyawa? A nan sana'ata ta yi rana. Na ɗinka ɗan aljihu a bayan rigar barcinta na jefa goruba a ciki, in ta juya goruba ta tokare ta ta koma gefe. Abin ya ragu sosai, amma bai tafi duka ba. Goggo ta ga goruba ta ce wane malami ne ya ba da wannan, na ce wani ne a Birnin Kudu.

Da takaba ta ƙare na ɗauko Inna ta dawo gidana, muka ci gaba da kwana ɗaki ɗaya. Zafi ya fara, ana barin ƙofa a buɗe. Wata ranar da yamma ina kan keke, Inna tana tsintar shinkafa, sai na ji ta ce a hankali, "Ga ta can."

Tana kan katanga. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, amma kunnen nan yagagge ba ya ɓuya. Kusan wata huɗu tana cikin duwatsu, ba ta taɓa leƙo gidan ba, in ji maigida, sai da muka dawo. Na zuba mata madara na ja da baya. Na ce mata ta yafe mini, da baki na faɗa, a gaban Inna, ban ji kunya ba. Ba ta sha ba sai da na kau da kai.

Daren nan na ce yau ni da barci sai wanda ya gaji. Mai tsaron Inna ta dawo, ta ma haye kan teburin keke ta zauna a miƙe yadda ta saba. Na yi addu'a na saki jiki, rabona da irin wannan kwanciya tun Baba na da rai.

Na yi mafarki ina nutsewa a ruwa mai ɗumi, a hankali, ba tsoro ko kaɗan. Can ƙasa ina hango zauren Baba da fitila a kunne, ina jin muryoyin magidanta suna biya karatu. Daɗi nake ji, ina ta sauka, saura kaɗan in ga fuskar mai biya musu. Sai wani abu ya taɓa kumatuna. Ya sake. Sai zafin farce.

Na zabura na ja iska da wani sauti da ban taɓa jin ya fito daga bakina ba, amma na san shi. Maƙogwarona kamar an shaƙe, zuciyata tana dukan uku-uku. Kyanwa tana kan ƙirjina. Nawa, ba na Inna ba. Ta dube ni, ta sauka, ta koma kan tebur.

Inna tana zaune a bakin gadonta, ƙafafu a ƙasa, hannu ɗaya a miƙe wajena.

"Ashirin da biyu na ƙirga," ta ce. "Ta riga ni tasowa."

Da kyar na iya cewa, "Inna, tun yaushe nake haka?"

"Tun ranar da kika fara kwana a ɗakina a Gwaram na ji. Irin na Malam ne sak." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Ke a zatonki me ya hana ni barci?"

Na tuna yaƙushin nan na kumatuna, na tuna yadda na yi wurgi da ita ta bugi bango.

Washegari na ɗinka wa tawa rigar aljihu, na aika aka sayo goruba. Na je na ga likita ni ma. Ƙofar ɗakina kuwa tun daga ranar ba a sake rufe ta ruf ba, ko ana sanyi ko ana ruwa. Wanda duk ya kawo mini ƙarar kyanwa ta hana shi barci, nakan tambaye shi a wane lokaci take tashinsa, da kuma abin da na kusa da shi suke ji kafin ta taso.

'Yar tsohuwa yanzu ta tsufa da gaske. Haƙoranta sun zube, sai na jiƙa mata abinci, tsalle kuma ya fara gagararta. 'Ya'yanta babu wanda ya koyi aikin, na gwada su. Kwanakin baya na ji ta cikin dare tana ƙoƙarin hawa gadona tana zamewa, sai Inna ce ta ɗaga ta. Shi ya sa na ajiye mata kujera 'yar tsugune a gefen gadon, ta taka ta hau. Kowane dare, bayan na yi addu'a, sai na kai hannu na taɓa na ji kujerar tana wurinta kafin in rufe ido.